Renon ƙwayoyin guringuntsi a ɗakin gwaji: tambayoyi da amsoshi

Guringuntsin gwiwa idan ya tsage ko ya ɓantale, ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi ke warkewa. Wannan ne ya sa masana suka kama hanyar ɗebo ƙwayoyin halittarsa daga jikin mutum, su rene su a ɗakin gwaji har su yi yawa, sannan su mayar da su inda raunin yake. An haura shekara talatin ana yi wa mutane wannan aiki, amma har yanzu ana yawan ruɗewa kan abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Me ya sa guringuntsi ba ya warkewa da kansa?

Saboda jini ba ya shiga cikinsa. Idan ka yanke a hannu, jini ne ke kawo ƙwayoyin da za su toshe raunin, su share wurin, su fara sabon gini. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi a gaɓa ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, ba shi kuma da jijiyar jin zafi, shi ya sa yakan daɗe yana lalacewa mai shi bai sani ba. Kaurinsa a gwiwa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Kashi 65 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, sauran kuma zaren wani furotin ne mai suna kolajin, nau'i na 2, da wasu manyan sinadarai masu riƙe ruwa, babbansu shi ne agirikan. Ƙwayoyin halittar da ke ciki ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma kowacce tana zaune ne a ɗan gurbinta, abin da ta gina da kanta ya kewaye ta ta ko'ina. Ko rauni ya faru kusa da ita, ba ta da hanyar da za ta bi ta je wurin.

Abincinta daga ruwan gaɓa yake zuwa. Guringuntsin yana aiki kamar soso: ka taka ƙafa ya matse ya fitar da ruwa, ka ɗaga ƙafa ya tsotso sabo da abinci a ciki. Tun a 1743 likitan Birtaniya William Hunter ya rubuta cewa guringuntsin da ya lalace ba ya gyaruwa, kuma an shafe sama da shekara ɗari biyu ba a sami mai ƙaryata shi ba.

A ina ake samo ƙwayoyin da ake renon?

Galibi daga gwiwar majiyyacin kansa. Likita yakan shiga gaɓar da ɗan siririn bututu mai kyamara, ya gutsuro miligiram 200 zuwa 300 na lafiyayyen guringuntsi daga gefen da nauyin jiki ba ya hawa sosai. A saka shi a ruwa mai tsabta, a aika ɗakin gwaji cikin sanyi.

A can za a yayyanka shi ƙanana da wuƙar tiyata, a zuba masa wani sinadari mai narkar da kolajin da ake kira kolajenes, a bar shi awoyi da dama, sau da yawa ya kwana. Da safe guntayen sun narke sun zama ruwa mai ɗan gurɓi. A tace, a juya a na'ura har ƙwayoyin su kwanta a gindin bututu, a wanke su, a ƙirga. Wajen ƙirgar ana ɗiga musu wani shuɗin rini: wadda ta mutu rinin yana shiga cikinta ta yi shuɗi, mai rai kuwa tana nan fes tana ƙyalli. Abin da ake samu daga wannan ɗan gutsure bai cika wuce 'yan dubban ɗaruruwa ba, alhali ana bukatar miliyoyi. Dalilin renon ke nan.

Me suke ci, kuma a wane irin yanayi ake ajiye su?

Ana zuba su a kwalbar roba mai shimfiɗaɗɗen gindi, a rufe su da wani jan ruwa mai ɗauke da sukari, gishiri iri-iri, sinadaran gina jiki da bitamin. Ana ƙara ruwan jini wajen kashi 10 cikin 100, ko dai na ɗan tayin saniya ko na majiyyacin kansa, domin a cikinsa ne abubuwan da ke zaburar da ƙwaya ta rabu biyu suke. Bitamin C ma yana da muhimmanci, don idan babu shi kolajin ba ya haɗuwa da kyau. Sai a saka kwalbar a na'urar ɗumama mai zafin digiri 37, daidai da na jikin mutum, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100.

Duk kwana biyu ko uku ana canza ruwan. Mai aikin yakan fara gane halin da ake ciki da ido tun kafin ya kai kwalbar ƙarƙashin madubin ƙara girma: jan ruwan idan ya fara komawa ruwan ɗorawa, ƙwayoyin sun cinye abincinsu. Idan kuwa ya yi gurɓi dare ɗaya, ƙwayoyin cuta sun shiga, kuma babu abin yi sai zubarwa. A bincike wannan asarar 'yan makonni ce. A wajen majiyyaci kuwa yana iya nufin a sake shiga gwiwarsa a sake gutsurowa, shi ya sa ake tsananta tsabta har ta kai ga ma'aikacin ba a ganin komai nasa sai idanu.

To tunda suna yaɗuwa a kwalba, ina matsalar take?

A nan gizo ke saƙar, kuma duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin fannin.

A cikin jiki ƙwayar guringuntsi kewayayya ce, ba ta cika rabuwa ba, aikinta kawai ta riƙa fitar da kolajin nau'i na 2 da agirikan. Da zarar an ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗiyar roba, sai ta manne, ta baje, ta miƙe ta yi tsawo da tsini a gefe biyu. A kwanakin farko idan ka leƙa za ka ga ƙwayoyi masu kusurwa sun jeru kusa da juna. Bayan an ɓamɓare su an raba su a sababbin kwalabe sau biyu ko uku, sai ka ga duk sun zama sirara dogaye suna kwance gefe guda, ba ka bambance su da ƙwayoyin da ke yin tabo a fata. Kuma ba kama kaɗai suka canza ba. Sun rage yin kolajin nau'i na 2, sun koma yin nau'i na 1, wato irin wanda ke cikin tabo da agara. Klaus von der Mark da abokan aikinsa sun nuna wannan sauyi ƙarara a 1977.

Saboda haka mai renon yana tsakanin gaba kura baya siyaki. Idan ya tsaya da wuri, ƙwayoyin suna da inganci amma ba su isa ba. Idan ya ci gaba har su isa, yana iya tashi da miliyoyin ƙwayoyin da suka manta aikinsu. A ganina duk labarin da aka ba ka na cewa an samar da ƙwayoyi kaza a kwana kaza, bai gaya maka komai ba sai an faɗi irin kolajin da suke fitarwa a ranar ƙarshe. Yawan ba shi ne abin wuya ba. Abin wuyan shi ne su yi yawa kuma su ci gaba da zama ƙwayoyin guringuntsi.

Shekarun mai ƙwayoyin ma suna da tasiri. Na matashi sun fi saurin yaɗuwa kuma sun fi riƙe halinsu, na dattijo kuwa sukan gaji da wuri.

Ana iya dawo da su kan hanya bayan sun canza?

Ana iyawa, zuwa wani mataki. A 1982 Paul Benya da Joy Shaffer sun ɗauki ƙwayoyin guringuntsin zomo da suka riga suka baje, suka zuba su cikin jel ɗin agaros inda babu abin da za su manne wa. Ƙwayoyin suka koma kewayayyu, suka ci gaba da yin kolajin nau'i na 2. Wannan gwaji ya nuna cewa siffar ƙwaya tana da hannu a aikin da take yi, kuma kusan duk dabarun yau a kansa aka gina su.

Wata hanyar ita ce a tara ƙwayoyi wajen dubu 250 a bututu, a juya su har su dunƙule su zama ɗan ƙwallo da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a bar su haka mako uku ana ba su wani sinadarin girma mai suna TGF-beta. Suna matse da juna sai su fara gina abin da ya kewaye su kamar yadda suke yi a jikin ɗan tayi. Ana kuma rage musu iskar oksijin. A sarari oksijin kashi 21 ne cikin 100, amma a cikin guringuntsi yana sauka daga wajen kashi 10 a sama zuwa kusan kashi 1 a can ƙasa kusa da ƙashi, kuma ƙwayoyin sun fi sakin jiki a wannan ƙarancin. Wasu ɗakunan gwajin har na'ura suke da ita mai danna tsiron guringuntsin tana saki, wajen sau ɗaya a daƙiƙa, don ta kwaikwayi tafiyar mutum.

Sai dai idan an wuce gona da iri wajen rabon, an raba su sau da yawa, wasu ba sa dawowa ko me aka yi musu.

Yaya ake tabbatar da cewa abin da ya fito guringuntsi ne na gaske?

Ana yanka shi sirara a rina. Rinin safranin yana mayar da wurin da ke da agirikan ja, kuma idan yankan ya fito fari fat, to babu abin kirki a ciki. Ana auna nau'i na 2 da nau'i na 1 na kolajin a ga wanne ya rinjayi wani, ana duba ko ƙwayar gadon SOX9, wadda ke jagorantar aikin, tana kunne. Daga ƙarshe a danna shi a na'ura a ga nauyin da zai ɗauka. A wannan gwaji na ƙarshe ne mafi yawan abin da ake ginawa a ɗakin gwaji ke gazawa: launinsa daidai, sinadaransa kusan daidai, amma ƙarfinsa bai kai na wanda aka haifi mutum da shi ba.

Mene ne firam ɗin da ake cewa ana shuka ƙwayoyin a kai?

Wani mazauni ne da ke riƙe su ya ba su siffa kafin su gina nasu. Akwai na kolajin, akwai na alginet da agaros waɗanda ake samu daga ciyawar teku, akwai na sinadarin hayaluronik da dama can yana cikin ruwan gaɓa, akwai kuma saƙar zaren roba mai narkewa a jiki, irin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata da ita. Abin da ake so shi ne firam ɗin ya riƙa narkewa daidai da saurin da ƙwayoyin ke gina nasu. Idan ya narke da wuri ginin ya rushe, idan ya daɗe ya tare musu wuri. Kaurinsa ma abin lura ne, domin idan ya yi yawa abinci ba ya kai wa tsakiya, sai a sami gefe yana raye ciki ya mutu.

Wanda ya damu da asalin kayan ya tambaya tun farko. A cikin kayan dashen da ke kasuwa, tantanin da ake amfani da shi a MACI daga kolajin alade aka yi shi, na JACC a Japan daga na saniya, Spherox kuwa ba shi da firam sam, ƙananan dunƙulen ƙwayoyin majiyyacin ne kawai.

An daɗe ana yi wa mutane?

Tun 1987. A birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin ne Lars Peterson da Mats Brittberg da Anders Lindahl suka fara, kuma a 1994 suka bayyana sakamakon mutum 23. A cikin 16 da rauninsu ke kan ƙashin cinya, 14 sun sami sauƙi sosai bayan shekara biyu. A cikin 7 da rauninsu ke bayan ƙoƙon gwiwa, 2 kaɗai suka sami irin wannan sauƙi. A lokacin sukan yanko tantanin da ke lulluɓe da ƙashin ƙwauri, su ɗinke shi a kan ramin, su yi wa ƙwayoyin allura a ƙarƙashi. Tantanin nan yakan yi toho ya wuce iyaka har sai an sake shiga an aske shi, shi ya sa aka koma amfani da tantanin kolajin.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da dashen ƙwayoyi mai suna Carticel a 1997, sannan MACI a Disambar 2016, wanda ke ɗauke da aƙalla ƙwaya dubu 500 a kowane santimita murabba'i. Tarayyar Turai ta amince da ChondroCelect a 2009, amma kamfanin ya janye shi daga kasuwa a 2016, sai Spherox ya sami izini a 2017. Japan ta amince da JACC a 2012.

Zai magance amosanin gaɓɓai na tsufa?

A'a, ba a yanzu ba, kuma wannan ce amsar da ta fi yi mini nauyin bayarwa, domin masu wannan ciwo su ne suka fi kowa bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, miliyan 365 daga ciki a gwiwa. Amma dashen ƙwayoyi an yi shi ne don rami guda mai iyaka, wanda lafiyayyen guringuntsi ya kewaye, irin wanda matashi ke samu a filin ƙwallo ko a haɗari. A amosanin gaɓɓai kuwa gaɓar ce gaba ɗaya ta kamu: ƙashin da ke ƙasa ya canza, ruwan gaɓa cike yake da sinadaran kumburi masu cin guringuntsi, sau da yawa ƙafar ma ta karkace nauyi ya taru gefe guda. Sabbin ƙwayoyi idan aka saka su a nan, abin da ya cinye na farko shi zai cinye su. Hukumar NICE, mai tantance magunguna da hanyoyin jinya a Birtaniya, da ta amince da aikin a 2017 ta gindaya sharaɗi: ramin ya wuce santimita murabba'i 2, ba a taɓa yin aikin gyara a wurin ba, kuma amosanin bai yi nisa ba.

Ba akwai hanya mai sauƙi ta huda ƙashi ba?

Akwai, Richard Steadman ne ya yaɗa ta daga Amurka tun shekarun 1980. Ana huhhuda ƙashin da ke gindin ramin, jini da ɓargo su tsattsafo su cika shi. Tiyata ɗaya ce, ba tsada. Amma abin da ke tsirowa mai kolajin nau'i na 1 ne, kuma yakan fara zaizayewa bayan 'yan shekaru, musamman a babban rami. Ga ƙaramin rauni tana da amfani.

Dole sai daga gwiwa? Ƙwayoyin tushe fa?

Ƙwayoyin tushe su ne waɗanda ke iya rikiɗa su zama ƙwayoyi iri-iri. Na ɓargo suna iya zama na guringuntsi, Brian Johnstone da abokansa sun nuna haka a 1998 ta hanyar dunƙulen nan da TGF-beta. Sun fi sauƙin samu, amma suna da wani hali mai wuyar hanawa: ba sa tsayawa a guringuntsi. Sukan ci gaba su kumbura, su fara fitar da kolajin nau'i na 10, su nufi zama ƙashi, domin wannan ce hanyar da suke bi wajen ɗora karaya. A Japan ana gwada ƙwayoyin iPS, wato ƙwayoyin jiki da aka mayar da su ƙwayoyin tushe a ɗakin gwaji, waɗanda Shinya Yamanaka ya fara samarwa a 2006.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin rukunin Ivan Martin a Basel ta Suwizalan. Sun lura cewa ƙwayoyin guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci biyu sun fi na gwiwa riƙe halinsu bayan reno, kuma tsufa bai cika raunana su ba. Suka riƙa ɗebo ɗan da'ira mai faɗin milimita 6 daga hanci, su rene shi ya zama faifai mai milimita 30 a 40, su dasa a gwiwa. A 2016 suka bayyana sakamakon mutum 10 na farko. Adadin kaɗan ne, amma amfanin a fili yake: ba sai an raunata gaɓar da dama can take ciwo ba kafin a sami abin gyara ta.

Hoton ɓeran nan mai kunnen mutum a bayansa, gaskiya ne?

Hoton gaskiya ne, fassarar da aka yi masa ce ba daidai ba. Aikin Yilin Cao da Charles Vacanti da abokansu ne, an bayyana shi a 1997. Babu ƙwayar mutum a ciki, ba a kuma taɓa gadon halittar ɓeran don ya tsiro kunne ba. Firam aka yi mai siffar kunnen yaro ɗan shekara uku, aka shuka masa ƙwayoyin guringuntsin ɗan maraƙi, aka saka ƙarƙashin fatar ɓeran da ba shi da cikakkiyar garkuwar jiki. Sai a 2018 rukunin Cao a ƙasar Sin ya ba da rahoton yara 5 da aka haifa da nakasasshen kunne, waɗanda aka gina wa sabo da ƙwayoyinsu. Shekara ashirin da ɗaya tsakanin ɓera da yaro, kuma haka tafiyar wannan fanni take.

Akwai haɗari?

Tunda ƙwayoyin na mutumin ne, jiki ba ya ƙin su. Abin da kan faru shi ne dashen ya ɓamɓare, ko ya yi toho fiye da kima, ko gaɓar ta sandare, ga kuma haɗarin da ke tattare da kowace tiyata.

Babban haɗari yana wajen gaggawa. A 2011 da 2012 likita Paolo Macchiarini ya dasa wa mutum uku maƙogwaron roba da aka shafa wa ƙwayoyin ɓargo a asibitin Karolinska na Suwidin, ba tare da an fara gwada shi yadda ya kamata a dabbobi ba. Ƙwayoyin ba su gina komai ba, dukkan ukun sun rasu, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. Don haka duk inda aka ce za a yi maka allurar ƙwayoyi yau ka tashi da sabon guringuntsi, ka tambayi wace hukuma ce ta amince da shi, mutum nawa aka gwada a kansu, kuma shekara nawa aka bi su ana dubawa.

Me ya sa yake da tsada, kuma yaushe mutum zai koma harkokinsa?

Tsadar daga yanayin aikin take. Kowane majiyyaci nasa renon daban, a ɗaki mai tsananin tsabta, da gwaje-gwajen tabbatar da cewa babu ƙwayar cuta kuma ba a haɗa nasa da na wani ba. Ga tiyata biyu, da mako uku zuwa shida a tsakani.

Bayan dashe ana fara lanƙwasa gwiwar a hankali tun kwanakin farko, domin motsi ne ke ciyar da ƙwayoyin, amma ba a ɗora mata cikakken nauyi sai bayan wajen mako shida zuwa takwas ana dogara sanda. Abin da aka dasa yana da taushi a farko, a hankali yake yin tauri cikin watanni. Wasa mai gudu da tsalle yakan jira shekara guda, wani lokacin har wata 18, kuma wanda ya yi garaje kafin nan yana iya ɓamɓare dashen tun gefensa bai gama haɗewa da tsohon guringuntsin ba.